Shanun da Suka Ƙi Fita daga Fim

Zuwa ga:
Mai Girma Sakatare,
Kwamitin Sulhu na 'Yan Fim,
Aboabo, Tamale.

Daga:
Ibrahima Bashiru, makiyayi,
Bayan Kasalgu.

Litinin, 12 ga Agusta, 2024

Game da: Ɓata tarbiyyar shanuna da Malam Selorm, mai shirya fim, ya yi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da kukana kamar haka:

1. Ranar 15 ga Yuli, Malam Selorm ya ari garkena domin fim ɗinsa na zamanin Turawa, inda makiyaya ke ɓoye shanu idan masu karɓar jangali sun doso. Na amince da farin ciki, domin kakana ya yi wannan gudun da ƙafarsa.

2. Kwana uku ana koya musu aiki. Da zarar mai fitowa a ɗan sandan Bature ya busa usur, sai a kora su kwarin da ke bayan gonar maƙwabcina Malam Saaka, inda aka zuba musu dusa da kanwa. Ba yabon kai ba, sun riga wasu 'yan wasan haddacewa.

3. An naɗe kyamara an tafi ranar 17 ga Yuli, amma ba wanda ya sanar da shanu cewa an sami 'yanci. Kusa da rugarmu akwai filin ƙwallo. Duk Asabar, alƙalin wasa na busa usur sai garke ya ɗaga jela ya nufi kwarin. Lokacin da mutane ke kora su, ta gefen gona ake bi. Su kuwa ba ruwansu da zagaye, ta tsakiyar masara suke ratsawa. Asabar huɗu ke nan. Na roƙi alƙalin ya riƙa tafa hannu maimakon usur, ya yi mini dariya. Matata Kadiatu kuma ta ce saniyar da ta wuni tana tsere wa Bature ba ta kawo nonon kirki.

4. Malam Saaka, wanda danginsa suka ba mu wurin zama shekara goma sha tara, ya kai ƙara gaban dattawa. An ba ni zuwa Juma'a, 16 ga wata, in kawo shaida cewa ba da gangan nake sakin dabbobi ba, ko in kwashe bukkokina. Na kira Malam Selorm sau shida, ana cewa yana tace hoto. Gaskiya raina ya ɓaci, kuma ina jin tsoro, domin a nan aka haifi 'ya'yana.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma ya umarci Malam Selorm ya bayyana gaban dattawa ranar Juma'a, da usur ɗinsa a hannu, ya busa a gabansu su gani da idonsu. Bature na gaske bai iya tayar da kakana daga mazauninsa ba. Ina roƙo kada na wasa ya tayar da ni.

Naka cikin ladabi da biyayya,

Ibrahima Bashiru