Ƙofa ta Ashirin da Biyu

Ladjifarani, Parakou, ranar Litinin

Zuwa ga Yayata Rahinatou,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da duk mutanen gidanmu na Djougou. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Takardarki ta iso ta hannun Moutari direba. Kin tambayi yadda 'yan uwa na Yamai da Kano za su saurari muryar marigayi Kaka Abdulbaƙi ranar Juma'a, ranar sadakar arba'in, alhali na'urar kwamfutar da na adana labaransa na fatauci a ciki tana zaurenmu. Ki kwantar da hankalinki. Wannan fanni na naƙalce shi, kuma ba na zaton akwai na biyuna tsakanin Parakou da Partago.

Ki ƙaddara na'urar masauki ce, irin wanda ayarin goro ke sauka a labaran Kaka. Adireshinta ɗaya, amma ƙofofinta dubu sittin da biyar da ɗoriya, kowace da lambarta. Mu masana muna kiransu port. Bayan kowace buɗaɗɗiyar ƙofa akwai mai jira yana kasa kunne. Mai neman muryar Kaka ta intanet, ƙofa ta 443 zai ƙwanƙwasa. Ta 22 kuwa tawa ce, ta nan nake shiga daga Parakou in yi gyara. Idan na lumshe ido, sai in ga saƙonni jere kamar jakunan fatake, kowane da lambar ƙofarsa a goshi, suna ratsa gonakin Bariénou ba su taka ƙasa ba.

Saboda haka zuwana ba lalura ba ne. Kin san alwashina: ba zan taka Djougou ba sai da takardar ɗaukar aiki a hannuna.

Ƙanenki,
Sharfaddeen


Ranar Laraba

Yaya Rahinatou,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan Inna ta samu sauƙi.

Wani al'amari ya auku. Jiya na lura baƙi daga ƙasashen da ban sani ba suna bin ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, suna gwadawa. Sai na yanke hukunci mai tsauri: in rufe duka, sa'an nan in buɗe biyun da muke buƙata. Na ba da umarnin rufewa, na'urar ta yi biyayya nan take. Ta 22 ma tana cikinsu, ni kuwa ina waje.

Tun jiya nake ƙwanƙwasawa. Ko korata ba a yi, shiru kawai.

Bayan azahar gyangyaɗi ya ɗauke ni, na ga Kaka zaune cikin masauki mai ƙofofi har sama, yana ba da labarin hanyar fataucin goro ta Salaga, ba mai saurare. Na tuna bai taɓa sa wa zaure sakata ba, dutse yake karawa, wai matafiyi ba ya aiko da ranar isowarsa. Na sha yi masa dariya a kan haka.

Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Ƙanenki,
Sharfaddeen


Ranar Alhamis

Yaya,

Ina gaishe ku. Na bincika duk abin da na sani, magani ɗaya ne: sai mutum ya zauna gaban na'urar da kansa ya buɗe daga ciki. Ba zan ɗora miki wannan ba.

Gobe zan biyo motar farko, in sha Allah kafin hantsi muryar Kaka za ta kai Yamai. Babu takardar aiki, Yaya. Babu ma wanda ya kira ni. Ta waya na yi wa Inna ta'aziyyarsa, kuma kwana talatin da tara ke nan abin yana cina.

Yanzu ki gaya mata. In dutsen yana nan, a kara min shi.

Ƙanenki mai kewarku,
Sharfaddeen