Baƙin Salatif a Kan Fitilar Mota

Assalamu alaikum, Babana.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan sai godiya. Ƙafar mahaifinku ta yi sauƙi, yanzu yana zuwa har bakin titi ba sanda, sai dai faɗan nan nasa yana nan yadda ka san shi. Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon waya, domin a waya ka iya sa ni dariya har in manta abin da ya sa na kira.

Maganar tsohuwar motar gidan nan ce. Tun bayan tafiyarka ta koyi mutuwa a hanya. Da safe sai ta tashi lafiya lau, in an yi tafiyar rabin awa inji ya yi zafi, sai ta ɗauke ɗif, ba za ta sake tashi ba sai ta huce. Ranar Litinin ta makon jiya Auta ta ɗauko mahaifinku daga asibiti, motar ta mutu musu a tsakiyar mahaɗa, tirela na danno oda ta bayansu. Allah ne Ya tsare. Suna isowa gida ya karɓe mukulli, ya ce ita ta kashe motar da tuƙin ganganci, shekara ashirin yana tuƙa ta ba ta taɓa ba shi kunya ba. Yau kwana goma ƙanwarka tana hawa motar haya biyu zuwa makarantar da take koyarwa, har shugabar ta yi mata gargaɗi a kan makara. A gida kuwa in ta gaishe shi, da ƙyar yake amsawa.

Bakanike ya canza fulogi, ya wanke famfon mai, ba ta canza zani ba. Daga nan na sa aka kai ta wurin mai wayarin, na bi su da kaina na zauna a benci. Ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, lamba ta fito a gilashinta. Ya ce lambar tana nuni ne ga sensar da ke ƙirga juyawar inji, in ta daina magana sai kwamfutar motar ta tsayar da wuta da mai. Na ce to a canza ta mana. Ya ce a'a, lamba unguwa kawai take nunawa, ba ta nuna gidan ɓarawo. Ya bi wayar sensar tun daga kai har gindi bai ga inda ta goge ba, ya zare soket ya wanke shi. Sannan ya ciro sensar ya auna da mita, ta nuna lafiyarta ƙalau. Bai yarda ba, ya aro abin busar da gashi a shagon kitso na kusa, ya yi ta hura mata zafi, muna kallo mitar ta ɗauke. Ya sa sabuwa, ya goge lambar, ya zaga gari awa guda, ba ta ko yi tari ba.

Abu ɗaya ne ya ɗaure masa kai. Ya ce ciwon ya daɗe, ya kamata fitilar gargaɗi ta yi watanni tana ci. Ya haska gilashin dashbod, ya sa farce ya ɓamɓaro ɗan baƙin salatif, an yanka shi daidai girman fitilar. Ya yi dariya ya ce wanda ya yi wannan aiki yana da hannu, da zai zo da ya ɗauke shi aiki. Ni ban yi dariya ba. Da muka dawo na tsare Auta a kicin, sai da na ɗaga murya ta ce kai ne ka liƙa ranar da za ka tafi, wai kada tsoho ya gani hankalinsa ya tashi, za ka turo kuɗi a gyara. Kwana goma tana shan faɗa ba ta ambaci sunanka ba.

Babana, ba haka na rene ka ba. Na san ba mugunta ka nufa ba, amma rufe ciwo ba magani ba ne, kuma wanda ya ɓoye gargaɗi yana da kaso a cikin abin da ya biyo baya. Ban gaya wa mahaifinku ba, domin ba bakina ne ya kamata ya faɗa ba. Mukulli yana aljihunsa har yanzu, ya ce ko an gyara ba zai ba ta ba. Ka kira shi ka faɗa masa da bakinka, ba kwana-kwana, sannan ka nemi afuwar ƙanwarka. Na ba ka kwana uku daga ranar da takardar nan ta same ka. In ka wuce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ka gaishe mini da matarka, da takwarata, da ɗan maigidana mai rowar murmushi. Gwaggonka da Kawu suna gaishe ka. Auta ma ta ce a gaishe ka, ka ga irin zuciyarta.

Ka duba ƙasan takardar nan, na liƙa maka salatif ɗinka. Kayanka ne.

Ni ce,
Mahaifiyarka.