Ni Na Taya Mijina Yaudarar Lokotoro

Assalamu alaikum jama'ar wannan fili. Don Allah a sakaya sunana, kuma kada ku yanke mini hukunci kafin ku ji ƙarshe.

Mu mutanen Tabelot ne. Da farin nan ya ƙafar da rijiyar garkarmu, albasa ta ƙone, muka sauko Agadas da yara huɗu. Da ƙyar maigidana ya samu aikin gasa burodi a barikin soja. Tun da sojoji suka karɓi mulki, can ne kaɗai ba a rasa gari, da aikin nan muke ci.

Sai wani farin tabo ya fito masa a baya, ƙananan yatsun hannunsa biyu suka fara mutuwa. Ni na matsa masa muka je gidan likita. A hanya ya tsaya ya ce, "Uwar yara, in aka ce kuturta ce, wa zai ƙara cin burodin hannuna? Ki rufa mini asiri." Na rantse masa da Allah zan rufa, muka shirya abin da nake jin kunyar faɗa. Lokotoro, wato likitan, ya lalubi gwiwar hannunsa, ya ce jijiyar kamar ta yi kauri, sannan ya ce, "Rufe ido, in ka ji na taɓa ka ce e." Yana ɗora bakin bik ɗin rubutu a tafin hannun maigidana, ni kuma ina zaune gefe ina taka wa maigidan ƙafa a ɓoye. Sai ya ce e. Duk inda aka taɓa, e. Lokotoro ya ce, "Alhamdu lillahi, amma in kun ga canji ku dawo maza, jijiya in ta mutu ba ta tashi." Har godiya na yi masa! Wace irin mace ce ni?

Yanzu yatsun sun fara lanƙwashewa, cokali ma faɗuwa yake yi. Shekaranjiya ya dafa ƙarfen tanderu, abokin aikinsa ne ya ji ƙauri ya fizge shi, shi bai ji komai ba. Ina ɗaure masa ciwon ina kuka, ya ce, "Kin rantse mini da Allah, kada ki manta."

In na koma na faɗi gaskiya, na karya rantsuwa, wataƙila a kore shi, yarana su kwana da yunwa. In na yi shiru, hannun da ke ciyar da mu yana mutuwa a gabana, kuma da ƙafata na taya shi. Me zan yi?