Tsamiyar Baba Tanko a Cikin Wasanmu

Zuwa ga ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Hadiza da yara. Ya aiki, ya zaman Legas? Mu nan Safana sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi.

Wasan nan da ka koya mini, na ƙaga labari ana jefa ɗan ludo, shi muke yi da malamai biyu, ni ke jan labarin, bayan la'asar tunda aka rufe makaranta. Ranar Laraba labari ya kai su gidan tsafi, na siffanta shi da ginshiƙan zinariya da gunki mai idon wuta. Baba Tanko, tsohon da ya gudo daga wajen Runka muka ba shi ɗaki, yana saurare.

Ya ce, "Malam, ba ka taɓa ganin wurin tsafi ba. Na kakana tsamiya ce, da tulu a kife, da dutse baƙi. Mun musulunta tun ina saurayi, amma ban daina share wurin ba."

Na tambaye shi yanzu fa? Ya ce 'yan bindiga ke ajiye babura a inuwarta.

Sai na soke gidan tsafina daga labarin, na sa tsamiyarsa. Ya ce a jefa masa ɗan ludon ya ga ko zai isa gindinta. Ana neman huɗu, biyu ta fito. Duk da haka na ce ya isa gindinta.

Ka sa mu a addu'a, hanyar Batsari har yanzu ba ta biyuwa. Ka gaida Kawu Lawal.

Yayanka,
Kabiru