Wayar da Ta Ƙi Yatsana

Baban Tasnim,

Na tafi Omdurman yi wa amarya lalle. Abincinka yana cikin kula.

Jiya a kasuwar Bahri sau uku na nuna maka ƙaramar wayar nan, tunda ni zan riƙe, kuma ita ce ta farko a rayuwata. Kai da mai shago kuka yi ta dariya, wai wadda ake buɗewa da yatsa ita ce ta zamani. Shekara goma sha biyar ina sana'ar lalle, amma ba wanda ya kalli hannuna a cikinku!

Da safe na gwada sabon kwaɓin lalle, yatsuna suka yi baƙi ƙirin, wayar yatsan da ka saya ta ƙi buɗewa. Lambar sirrin kuma kai ka saka, ba ka faɗa mini ba. Kwatancen gidan amarya yana ciki. Sai da na roƙi Hajja Bakhita maƙwabciya ta raka ni, don ta san unguwar.

Ga wayar kan firiji cikin kwalinta. Ka mayar yau, ka karɓo wadda na nuna. Wallahi ba zan bar sana'ata don waya ta gane ni ba.

Mawahib