Jar wayar da ka bari a bas

Zuwa ga Yaya Ishaya,

Bayan gaisuwa cikin sunan Ubangiji, ina fata kana hutawa. Mu dai a Narayi hutu bai zo ba tukuna.

Mama ta daina iya zama a kujera. Kullum maganarta ɗaya, a kai ta ƙauye tun tana gane mutane. Motar da za ta iya ɗaukarta a kwance kuwa ita ce bas ɗin nan da ka mayar ɗaki, ka sa gado da fanka da ɗan firji.

Sai dai batir ba ya kwana da wuta. Na kai caji, ya mutu. Na sayi sabo, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Da safe ina murza makulli sai ƙas-ƙas, maƙwabta har sun gaji da turi.

Malam Bulus mai wayarin na Sabon Tasha ya ce wata waya ce ta goge tana taɓa bodin motar. Ya ce a riƙa cire fiyus ɗaya bayan ɗaya har a gano layin. Muka buɗe akwatin fiyus, babu fiyus ko ɗaya, duk zaren jan ƙarfe ka naɗa a madadinsu. Wayoyin kuma duka ja ne, don naɗi guda ka saya a arha. Na tuna ranar da na yi maka tsiya a kai, ka ce, “Ai ni na san kowacce.” Ka sani kam, Yaya. Ka tafi kabari da saninka.

Shekaranjiya muna gwadawa hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin gadon, daidai inda kan Mama zai kasance. Wallahi na gaji, kuma na ji haushinka.

Malam Bulus ya ce bin layi zai ɗauki makonni. Mama ba ta da makonni. Na ce ya yanke duk abin da ka haɗa, ya bar na inji. Ina tsaye ya zare aikin hannunka ya tara a buhu, ni kuma na kasa kallo.

Yau motar ta tashi bugu ɗaya. Gobe za mu kama hanya. Mama ta ce in kunna mata fankar Ishaya idan zafi ya yi, na ce to. Na sayi mafici, a gefenta zan zauna.

Allah ya ba ka hutu, ya kai mu da ita tana numfashi. Amin.

Ƙanwarka,
Rahila