Karimatu Za Ta Ƙetare Teku

Barking, London
14 ga Afrilu, 1991

Zuwa ga Yaya Maharazu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da kowa a Yawuri. Allah ya ƙara wa Baba sauƙin ƙafarsa. Mu nan lafiya lau, maigidana Almu yana ta fama da karatunsa, ni kuma ina aikina na asibiti.

Yaya, maganar ƙanwarmu Karimatu ce ta sa na ɗauki biro. Wata ma'aikaciyar jinya da muke aiki tare, Angelina, tana da jirgin ruwa mai tafiya da iska. Ta tara mata shida za su ƙetare teku zuwa tsibiran Azores a watan Yuni, babu namiji ko ɗaya a ciki. Ni ta fara yi wa tayi, don na sha ba ta labarin yadda nake tuƙa kwalekwalen Baba tun ina shekara tara. Na ce mata ina da goyo da miji. Karimatu da ta rako ni ranar ta ce ita za ta gwada. Karimatu fa, wadda sai an riƙe mata hannu take shiga jirgin fito!

Yanzu duk Asabar tana bakin kogin Thames inda aka ɗaga jirgin kan tudu don gyara. Sun kankare cikinsa sun shafa sabon fenti, sun sauya igiyoyi, sun ɗinke ƙyallen kama iska da ya yage. Makon jiya na kai musu kilishi da garin kunu na guzuri, na tarar an ja ta da igiya can ƙolin sandar jirgin tana gyara fitila, tana dariya. Matan suka yi ta yabonta, wai ruwa a jininta yake. Ni da na koya mata ɗaurin igiya a kan teburin kicin ina tsaye a ƙasa da leda a hannu, ba wadda ta tambayi sunana. Na ajiye musu ledar na tafi na hau jirgin ƙasa zuwa gida.

Karimatu ta roƙe ni in nemo mata izinin Baba, ta ce maganata yake ji, kuma in ya hana ba za ta je ba. Ba zan ɓoye maka ba, wasiƙar da na fara rubutawa cike take da guguwa da jiragen da suka nitse. Na san yana ji zai hana. Sai da na liƙa kan sarki sannan na yage ta, don ba tsoron ranta ne ya sa na rubuta ba.

Gaskiyar ita ce jirgin lafiyayye ne, Angelina ta yi wannan tafiya sau biyu, kuma yarinyar ta iya. Ka karanta wa Baba wannan wurin kawai, ka roƙe shi ya sa mata albarka. Sauran kuma ya tsaya tsakanina da kai.

Ka gaida Inna Fulera da Gwaggo Damata da yara duka.

Taka ƙanwa,
Sakinatu